Ƙararrawar Mama Elsi

Ka sha wucewa ta ƙarƙashinta, mai karatu, kada ma ka fara musu. Ƙararrawar nan nake nufi, wadda ke rataye a kan ƙarfen layin dogo a harabar majami'armu a Kafanchan. Ka jingina babur a jikin sandarta, ka ɗauki hoton aure a gabanta, amma ba ka taɓa ɗaga kai ka tambayi dalilin da ya sa ba ta da harshe a cikinta ba, sai dai a doke ta da guntun ƙarfe kamar an kama ɓarawo. An gaya maka wata gwauruwa mai tsoron Allah, Mama Elsi, ita ta aiko mana da ita daga Ingila. Ka ce amin, ka wuce cin shinkafar Lahadi.

Hulda Andrawus ce ta ɗaga kai. Ranar Asabar da safe tana tsaye a kan teburin makarantar Lahadi, ta ɗaure zani a ƙugu, tana kankare fenti da wuƙar yanka albasa. Ita ce malamar tarihi a makarantar sakandare ta majami'ar, shi ya sa dattawa suka ɗora mata aikin rubuta tarihin ƙararrawar, ta karanta washegari a bikin cikar majami'a shekara saba'in. Ba wanda ya ce ta bincika komai. Abin da ake so shi ne ta sake faɗin abin da kowa ya sani da Turanci mai nauyi: Mama Elsi ta aiko, marigayi Baba Andrawus, kakan Hulda, ya ɗauko ta a ka daga tasha yana waƙar yabo.

Fentin kuwa ba kaɗan ba ne. A garinmu in babban baƙo zai zo, duk abin da ba ya motsi sai an shafe shi, dutse ne ko itace ko kabari. Zumuntar mata ta yi shekaru tana wa ƙararrawar nan haka. Hulda ta wuce shuɗi ta iske kore, ta wuce kore ta iske ruwan ƙwai, sannan wani ja da ba wanda zai yarda shi ya zaɓa. Can ƙasa tagulla ta bayyana, da sunan da tsofaffi suka tuna: ELSIE MARWOOD. Sai dai a gaban sunan akwai haruffa biyu, S.S., a ƙarƙashinsa kuma zanen ƙugiyar nan da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi.

Ta sauko ta zauna a bakin teburin, ta ciro waya ta buga sunan. Bai ɗauki lokaci ba. A wani shafi da Turawa masu son tsofaffin jirage suke tara hotuna, ga Mama Elsi nan da bututun hayaƙi. Jirgin wani kamfanin fatauci ne da ke hawa kogin Binuwai da damina, ya kawo gishiri da atamfa da kwalaben barasa, ya koma da riɗi da auduga. Wata shekara ruwa ya janye da wuri, ya maƙale a yashi kusa da Makurɗi, bai sake tashi ba.

Tana cikin kallon hoton sai Kawu Leonard ya shigo harabar. Ƙanin mahaifinta ne, babban dattijo, kuma shugaban kwamitin makarantar da take koyarwa. Ta miƙa masa wayar. Ya sa tabarau ya duba, ya ɗaga kai ya dubi wurin da ta kankare, ya mayar mata da wayar kamar ta miƙa masa ɗan wani.

Ya ce shi bai ga komai ba sai ɓarnar fenti. Ya tuna mata cewa yara mata da aka sa wa suna Elsi a majami'ar nan sun isa a kafa ƙungiyar mawaƙa, kuma duk shekara ana yi wa matar addu'a. Hulda ta ce to ai jirgin barasa ake yi wa addu'ar, Kawu. Ya waiga ko wani ya ji.

"Hulda, ni na kai takardarki gaban kwamiti aka ɗauke ki," ya ce da ƙaramar murya. "Gobe ki karanta abin da aka sani. In kin karanta wani abu dabam, akwai masu digiri da yawa suna zaune a gida."

Da albashin nan take riƙe da kanta da mahaifiyarta, shi ma ya san haka. Ya tafi duba masu kafa rumfa.

Kafin ta tattara ɓawon fentin, Mama Dinah, shugabar zumuntar mata, ta iso da bokitin sabon fenti, shuɗi kamar na bara. Ta ga ramin da aka yi a aikinta, ta tambayi Hulda ko an fara biyan malamai da wuƙa ne. Hulda ta lallaɓa ta, ta roƙe ta a bar shafen sai yamma, sannan ta tambaye ta ko ta taɓa jin inda harshen ƙararrawar ya tafi. Mama Dinah ta ce ita ba ta bin diddigin kayan Ubangiji. Amma ta tuna, suna yara, akwai wani Bafulatani mai suna Jibir da in ya biyo da shanunsa sai ya tsaya a bakin shinge ya gaida ƙararrawar, ya ce, "Bebiya, an kwana lafiya?" Baba Andrawus kuma, da ba ya ɗaukar raini daga kowa, sai ya sunkuyar da kai ya shige ɗaki. Jibir ya daɗe da rasuwa, amma 'yarsa Nene tana nan, tana zama gun masu nono a kasuwa.

Hulda ta hau keke napep ta nufi kasuwa. A hanya ta lissafa cewa tun tana 'yar sakandare rabon da ta zauna hira da wani daga wancan ɓangaren gari na Musulmi, in ba ciniki ba. Kai ma haka, mai karatu, kuma ka halarci taron zaman lafiya ka ci abinci ka karɓi riga.

Nene tsohuwa ce ƙarama mai idanu kamar na yarinya. Ba ta sayar da nonon da kanta yanzu, sai dai ta zauna a bayan ƙore ta gyara wa kowa ciniki. Da Hulda ta faɗi sunan kakanta, Nene ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ai ga kunnuwan Andrawus nan. Da ta ambaci ƙararrawa, tsohuwar ta yi dariya har sai da ta riƙe gefen ƙwarya.

Labarin, in ji ta, mahaifinta yakan ba da shi duk sallah, yana ƙara masa gishiri, amma ƙashinsa ɗaya ne. A zamanin Jibir yana rakiyar shanu a taragon jirgin ƙasa zuwa kudu, Andrawus kuma yana zuba kwal a injin. A hanyar dawowa aka tsayar da su a Makurɗi. Suka sauka bakin kogi neman kifi, suka tarar da jirgin ruwan nan a kwance a yashi, mai gadi ya tafi jana'iza. Wasu sun riga sun kwashe kujeru da tukwane. Su biyun suka kwance ƙararrawa, suka mirgino ta, suka binne ta cikin ciyawa da kashin shanu a taragon da ya dawo wayam. Jirgin ƙasan na tashi ƙararrawar ta fara kuka. Jibir ya zare harshen ya jefa a jakarsa.

A Kafanchan Andrawus ya yi ta neman mai saye. Maƙera suka ce tagullar Bature ce, ba su son magana. 'Yan sandan reluwe kuma suka fara shiga gidajen ma'aikata suna ɗaga katifu. Sai Andrawus ya zauna ya yi tunanin wuri ɗaya da ɗan sanda ba zai bincika ba.

"Ya ɗora ta a ka ya kai coci," in ji Nene. "Waƙar kam ya yi ta, gaskiya ne. Babana yana bayansa yana duba hanya."

Fasto ya karanta sunan da ke jiki ya tambayi wace ce, Andrawus ya ce wata baiwar Allah ce, mijinta ya mutu. Nan aka haifi Mama Elsi.

Hulda ta tambayi harshen. Nene ta ce yana gida, da shi ake daka wa shanu kanwa tun kafin a yi mata aure, babu taɓaryar da ta kai shi. Hulda ta roƙa a ara mata. Nene ta ce za ta ara, amma ƙafarta ƙafar kayanta, don ta san gidan da za a kai shi.

Sai da rana ta yi sanyi suka iso majami'a, su biyu a keke, ƙarfen a naɗe cikin tsohon buhu a cinyar tsohuwar. Harabar ta cika da masu jera kujeru. Mama Dinah na tsaye da buroshi, ta gaji da jira. Hulda ta hau teburin, ta leƙa cikin ƙararrawar, ta ga zoben da ya yi shekara saba'in ba a rataya masa komai ba. Ta saƙala harshen, ya zauna daram. Ba ta yi niyyar bugawa ba, so take ta gani kawai. Amma tana sakin hannu ƙarfen ya lilo ya daki gefe.

Ba wanda ya taɓa jin wannan murya a unguwar. Sautin da aka saba kamar an jefar da faranti ne. Wannan kuwa ya fita da zurfi, ya daɗe yana rawa a ƙirjin mutane, ya ƙetare titi. Kuma a Kafanchan, in ƙararrawa ta yi ƙarar da ba a saba ba a lokacin da ba na sujada ba, mun san abin da ke zuwa mana a rai. Masu shago suka ja ƙofa. Mata suka kira yara. Maza suka fito da sauri, wani da taɓarya, wani da ƙafar kujera, suka cika harabar, suka tarar da malamar tarihi a kan tebur da wata tsohuwar Bafulatana tana gyara ɗankwali.

Kawu Leonard ya ratsa jama'a ya zo gindin teburin. Gumi ya jiƙa masa wuya. Ya ce wa Hulda ta gaya musu gwaji ake yi, an samo sabon ƙarfe daga Jos saboda biki, shi ke nan kowa ya koma gida. Ya faɗa a hankali, har da "'yata" a ƙarshe. Hanya ce mai kyau ya ba ta, kuma ta ga kyanta. Ta dubi Nene. Tsohuwar ta ɗaga gira, jin an mayar da taɓaryarta 'yar Jos.

Hulda ta juya ga jama'a ta faɗi komai, ba da Turanci mai nauyi ba. Ta faɗi jirgin, da barasar, da kashin shanu, da 'yan sandan reluwe. Ta ce kakanta da mahaifin wannan tsohuwa tare suka yi satar, ɗaya na ɗauka ɗaya na duba hanya, kuma iyakar saninta wannan ne aikin haɗin kai mafi daɗewa da garin nan ya taɓa yi.

Wani tsoho a baya ya fara dariya, matarsa ta zungure shi. Mai ƙafar kujera ya ɓoye ta a bayansa. Wata Elsi mai goyo ta tambayi ta kusa da ita ko yanzu ita sunan kwalekwale gare ta ke nan. Mama Dinah ta ce ita dai, jirgi ko mace, ta riga ta yi mata addu'a, ba ta karɓar abarta. Wasu kuwa ba su yi dariya ba. Sun kalli Hulda irin kallon da ake yi wa wanda ya ɗaga labulen ɗakin iyaye.

Kawu Leonard bai ɗaga murya ba. Ya ce gobe wani zai karanta tarihin, Litinin kada ta shiga aji, Laraba kwamiti da iyayen yara za su zauna a kan maganarta. Ta ce to, Kawu.

Nene ta taɓa ƙafar teburin da sandarta. "Jikar Andrawus, sauko mini da kayana. Shanu na jira."

Wani dattijo ya matso ya ce ai Mama, tunda ya dace da ita, a bar shi ko zuwa gobe, baƙi su ji. Nene ta dube shi ta ce ta ji labarin yadda ake barin kaya a wannan wuri. Hulda ta zare harshen ta naɗe shi a buhu, ta raka tsohuwar bakin titi, ta tsayar mata da keke. Da ta juyo, Mama Dinah ta riga ta hau teburin da buroshinta.

An yi biki ranar Lahadi. An karanta labarin gwauruwa, an tafa, an ci shinkafa, kai ma ka ci, na gan ka. Hulda tana gida tun Litinin, ɗalibanta suna kwafar darasin bara daga allo. Zaman na Laraba ne bayan la'asar, a ajin da ke kusa da ofishin shugaban makaranta, kuma duk wanda ɗansa ke makarantar yana da bakin magana da hannun ɗagawa. Na san abin da ka saba: ka ce kana da uzuri, daga baya ka tare ta a hanya ka ce wallahi ba ka ji daɗin abin da aka yi mata ba. Riƙe ta'aziyyarka. Ba za a raba lemo ba, ba kuɗin mota, fankar ajin ma ta lalace. Ka zo ka zauna a gaba, inda Kawu Leonard zai ga fuskarka, in aka tambayi masu son ta koma aji ka ɗaga hannu.