Motar Ba Ta Yi Kuka Ba

Bahago bai ga zuwan marin ba. Yana durƙushe gaban wata tsohuwar motar haya yana bin wayar fitila da yatsa, ya ji ƙarar birki a bayansa, kafin ya gama juyowa an ɗauke shi da mari har filayar hannunsa ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin mota.

"Tashi! Tashi ka ga aikinka, mugu!"

Mijin Auta ne, mijin ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara shida da auren bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Yaya, ko da yake Yayan a fatar baki take tsayawa. Yau ko wannan babu. Ya shaƙo wuyan rigar aikinsa, ya ja shi har gaban jar motarsa, ya danna masa kai ƙasa.

"Duba! Tarkacen da ka saka min bai yi kuka ba. Ina shiga gareji da safen nan, Auta ta sunkuya jikin bango tana ɗaukar wani abu, ban gan ta ba. Ƙafa biyu, ka ji ko? Ƙafa biyu ka karya wa ƙanwarka. Tana can asibiti."

Bambar gaba ta tsage daga tsakiya ta lotsa ciki. A bakin tsagin wani ɗan ƙyallen zane ya maƙale, jini ya jiƙa shi har ya fara bushewa. Bahago ya ga wannan sai ya zube ƙasa.

Motar irin ta tsere ce, mai kujera biyu, cikinta saura ƙiris ya lashi ƙasa. Mutum ya zuba dukiya ya sayi mota, amma ɗan tudun rage gudu ya gagare ta sai ta hau shi a karkace kamar kaguwa. Wanda ke zaune a ciki ba ya ganin hancinta ko kaɗan, shi ya sa ba a yin mako mijin Auta bai goge ta da bakin titi ba. Sati biyu da suka wuce Auta da kanta ta zo wurin aikin nan ta ce, "Yaya, don Allah ka saka masa abin nan mai kuka a gaba. Duk ranar da ya goge hancin motar nan, gidan ba ya zaunuwa." Da dariya ta faɗa. Shi ma, da yake wani lokacin kansa ba ya ja, dariyar ya yi.

Yini guda ya kashe a kan aikin. Ya huda bambar wuri huɗu, ya dasa sensa huɗu, kowace ba ta wuce maɓallin riga ba, ya saka ƙaramar kyamara a ƙarƙashin lamba. Wahalar mota mai ƙasa haka ɗaya ce. In ka dasa sensa a miƙe, ƙasa za ta riƙa gani ta yi ta kuka babu dalili, dole sai ka ɗan ɗaga idonta sama da guntun roba. In kuwa ka ɗaga da yawa, ta daina ganin abin da ke gabanta. Guntun robar nan ne ya tsaya masa a rai yanzu. Ko dai ya ɗaga da yawa?

Shi ya sa da shurin ya zo bai kare ba. Takalmin ya same shi a haƙarƙari, na biyu a baki, ya ji gishirin jini ya cika masa harshe. Mutumin da ke ɗaga injin mota da kafaɗa ya kwanta cikin baƙin mai yana shan duka a hannun wanda ko taya bai iya canzawa ba, kuma a ransa yana ganin dukan ya yi kaɗan.

"Kai! Kai, ɗan nan, kashe shi za ka yi?"

Dattijo mai walda ne na rumfar kusa, ya taho da gudu gilashin aikinsa na reto a goshi. Mijin Auta ya hankaɗe shi ya faɗa kan tulin tsoffin tayoyi.

"Ba ruwanka, tsoho, maganar gida ce." Ya juyo yana haki. "Kai kuma tashi ka cire min su. Duka, har wayoyin, har kyamarar. Yanzu, a gabana. Ba na son sake ganinsu."

Bahago ya tofar da jini, ya rarrafa ya ɗauko sukundireba. Har ya kwanta ya zura hannu bayan bambar, sai hannun ya tsaya. Shekara ashirin da biyu yana wannan sana'a, bai taɓa cire abu daga jikin mota ba sai ya fara gwada shi ya ga yadda ya mutu. Ba tunani ya yi ba, hannu ne ya saba. Ya miƙe, ya zura kai ta tagar direba, ya murɗa makullin da ke jiki.

"Me kake yi? Cewa na yi ka cire, ban ce ka gwada ba."

Bahago ya zagayo gaban motar. Sauran masu aikin suna gwada sensa da kwali ko bokiti, shi kuwa da ƙaurinsa yake gwadawa, don a cewarsa ba a taɓa kai kwali asibiti ba. Ya ja baya taku uku daga hancin motar, ya fara matsowa. A taku na farko ta yi ƙara ɗaya-ɗaya. A na biyu ƙarar ta yi sauri. Da ƙaurinsa ya zo kamu ɗaya da bambar, motar ta ɓarke da kuka mai tsawo babu yankewa, irin wanda ko kurma sai ya ji a haƙorinsa. Ya koma gefen hagu, ta yi. Ya koma dama, ta yi. Ya sunkuya yadda aka ce Auta ta sunkuya, ta yi. Hatta sensar da ke bakin tsagin tana aiki. Ta cikin gilashi yana hango allon gaban direba, ga shi nan a ciki tar, har ɗinkin wandonsa.

Sai a lokacin ya sake duban lotsawar da idon sana'a. Mai shiga gareji a hankali ba ya yi wa bamba haka. Wannan sai an taka totur.

Ya ɗago kai. Mijin Auta ya yi tsuru-tsuru.

"Tana yi," in ji Bahago a hankali.

"Yanzu ne take yi. Ɗazu ba ta yi ba."

"Ka bar matarka a gadon asibiti ka zo cire waya."

Mijin Auta ya juya da sauri. Ya faɗa cikin motar ya ja ƙofa, injin ya tashi da gurnani. Bahago yana tsaye a gabanta, sensa na kuka, kuma ta gilashi ya ga idanun mutumin a kansa sosai, babu alamar neman hanyar baya. Mai walda ya kwarma ihu. Motar ta zabura.

Allah ne ya sa Bahago ya yi tsalle. Ya faɗa kan murfin inji ya mirgina gefe, kafaɗarsa ta daki ƙasa. Motar ta wuce ta ci teburin aiki, kayan ƙarfe suka tarwatse, batir biyu suka faɗo suka fashe, injin ya mutu. Kukan sensar kaɗai ya rage.

Daga nan idon Bahago ya rufe. Bai tsaya buɗe ƙofa ba, ta taga ya jawo mijin Auta waje kamar buhu. Ya buga kan mutumin da jikin motar sau ɗaya, sau biyu, ya kayar da shi ya hau ruwan cikinsa. Hagun nan da ake yi masa tsiya da ita tun yana yaro ta dinga sauka a fuska har ya ji hanci ya ba da wata ƙara a ƙarƙashin hannunsa. Mutumin yana ta kiran Yaya, Yaya, yanzu kam daga cikin ciki take fitowa. Hannun Bahago ya lalubo babbar sifana a ƙasa, ya ɗaga ta sama yana duban gwiwar mutumin.

Mai walda ya rungume hannun da duka ƙarfinsa, ya rataye a jiki.

"Bahago! Bahago, dube ni! In ka sauke wannan, yau a kulle za ka kwana. Wa zai je wurin yarinyar?"

Sun ɗan jima a haka, tsoho yana rataye. Sannan sifanar ta faɗi. Bahago ya tashi, ya zare makullin motar, kukan ya ɗauke. Ya damƙa wa mai walda.

"Baba, riƙe wannan. Kada kowa ya taɓa motar nan, ko ƙura kada a goge."

"Na ga abin da na gani," in ji tsohon. "Je ka."

Rana ta take sosai lokacin da ya isa asibitin. A baranda ya tarar da Mama, mahaifiyarsu, zaune a kan benci ta zabga tagumi. Da ta gan shi sai ta kawar da kai. Ko leɓensa da ya kumbura ba ta tambaya ba.

"Mama, yaya jikin nata?"

"Kai za ka tambaye ni? Yaron nan ya faɗa mana komai, yana kuka kamar ransa zai fita. Kullum kai ne gwani, kai ne ba ka kuskure. To ga gwanintar can a kwance, shiga ka gani."

Ta tashi ta shige gaba, ya bi ta. Auta tana gadon ƙarshe kusa da taga. An naɗe ƙafar dama da filasta har cinya, ta hagu kuma an soke ta da ƙarafa an rataye. Ta yi ƙanƙanta a cikin gadon, kamar lokacin da yake goya ta zuwa makaranta. Tausayi ya kama shi. Ya durƙusa a gefenta.

"Auta. Motar ta yi kuka?"

Ta dubi bango. "Ba ta yi kuka ba. Na sunkuya jikin bango ina ɗaukar wani abu, bai gan ni ba."

Kalmomin mijin ne, ko ɗaya ba ta canza ba. Ya ji zafinsu fiye da takalmin ɗazu.

"Ka ji da kunnenka," in ji Mama. "Sai ka ƙyale ta ta ji da abu ɗaya." Ta dubi robar ƙarin ruwa da ta kusa ƙarewa, ta fita kiran nas tana ƙunƙuni.

Ƙofar na rufuwa Auta ta juyo. Muryarta ba ta fi numfashi ba.

"Sau biyu, Yaya. Ya ja baya ya sake zuwa. Ina jin ta tana ta kuka." Ta haɗiye yawu. "A hanyar kawo ni ya ce in na buɗe baki, na ukun ba ƙafa zai nema ba. Don Allah kada ka faɗa wa Mama. Ka san ba ta iya riƙe magana, a gabansa za ta amayar, a kira manya a ce a yi haƙuri, sannan a mayar da ni gidan a kan keke."

Bahago ya san haka za a yi. Ya san Mama, ya san yadda take ji da surukin nan nata mai gaisuwa har ƙasa. Shaida tana nan a rumfarsa, ranarta za ta zo, amma shaida ba ta hana a ɗauki mace marar ƙafa a kai ta ɗaki a rufe ƙofa. Ya dubi hannunsa na hagu da ya fashe a gaɓoɓi. Sunansa ne kaɗai jarinsa a garin nan. Mutane daga nesa suke kawo masa mota saboda an ce aikinsa ba ya dawowa.

Mama ta dawo da nas a bayanta, tana magana tun daga ƙofa.

"Likita ya ce in an yi aikin ta hagun, kwana biyar a sallame ta. Mijin ya riga ya ce zai ɗauko mai jinya har gida. Allah dai ya yi wa yaron nan albarka."

Bahago ya miƙe tsaye.

"Mama, laifina ne." Muryarsa ta fita da ƙarfi har na gadon kusa suka juyo. "Na duba motar. Ni na yi kuskure wurin dasawa, ni na karya ta. Don haka ba wani baƙo da zai yi min jinyar abin da na ɓata da hannuna. Daga nan gidana za a kai ta. Ni da matata za mu ɗaga ta mu kwantar har ranar da za ta taka ƙasa. In mijinta ya yi magana, ki ce masa ke kika ɗora min, hukuncina ke nan."

Nas ta dube shi sama da ƙasa, irin kallon da ya san zai sha a gari daga yau. Mama kuwa ta juyo ta kalle shi sosai, karo na farko tun zuwansa.

"Yanzu ka yi magana irin ta mutane," ta ce. "Ai ko ba ka faɗa ba dole ka yi jinya. Kuma ba mai ɗaga ta daga gidanka sai na ce. Sai ka je ka sa a share mata ɗakin."

"To, Mama."

Bai tafi nan take ba. Ta ƙarƙashin mayafin gado yatsun Auta sun lalubo hannunsa mai ciwo sun riƙe gam, ya tsaya yana jira ta sake shi.