Asabe a Gidan Burodi

Takardar sakandare kaɗai Asabe ta ajiye a kan teburin Alhaji Abdulmalik, mai gidan burodi a Gyadi-Gyadi. Ta makarantar koyon aikin jinya tana can ƙasan akwati a gidansu a Tarauni. Shekara uku ke nan da gamawarta, ba asibitin da ya kira ta. Da ta koma neman aiki a shaguna, duk wanda ya ji ita nas ce sai ya ce ba za ta zauna ba. Shi ya sa yau ta zo neman aikin sa burodi a leda, ba ta ambaci jinya ba.

Alhaji yana cikin tambayarta ko za ta iya tsayuwar yini guda, sai aka kawo wuta. Injin kwaɓa ya tashi, aka ji ƙara, sai kuma salati.

Lawan ne, magidancin da ke kula da injin. Da jiƙaƙƙen hannu ya taɓa wata waya da ta sale. Ko da aka kashe wutar, yana kwance cikin fulawa, idanu a kafe. Alhaji ya durƙusa, ya kai kunne bakin hancinsa, ya ɗago yana faɗin Innalillahi. Wani ya tafi neman zanen da za a rufe shi.

Asabe ba ta san lokacin da ta ratsa mutane ba. Ta lalubi wuyansa, shiru. Ta ɗora hannuwanta a tsakiyar ƙirjinsa, ta shiga dannawa tana ƙirgawa a fili. Wani dattijo ya ce ta ji tsoron Allah ta bar gawa ta huta, ga shi ba muharraminta ba ne.

"Alhaji, in na kai talatin, ka toshe hancinsa ka hura masa iska a baki sau biyu," in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

Alhaji, wanda a shekaru ya isa ya yi jika da ita, ya bi umarninta. Suka yi zagaye huɗu, suka yi biyar. Gumi ya jiƙa hijabinta. A na bakwai Lawan ya zabura, ya ja wani dogon numfashi, ya yi tari.

Mai zanen ya tsaya a bakin ƙofa da shi a hannu. Asabe ta mayar da yatsunta wuyan Lawan, ta ji jijiya tana harbawa, a hankali, amma tana harbawa. A makaranta a kan mutum-mutumin roba suka koya. Ba ta taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ta daɗe ba ta janye yatsun ba, tana tasbihi a ranta.

Bayan an wuce da Lawan asibiti, Alhaji ya ba ta kujerarsa, shi ya tsaya. Ya tambaye ta inda ta koyi wannan abu, ta faɗa masa gaskiya.

"'Yata, da idona na ga Allah ya dawo da rai ta hanyarki. Wallahi ina jin kunyarsa in tsayar da ke kina ɗaure leda."

"Ledar nake so, Alhaji."

Ya girgiza kai, idanunsa sun ciko. Ya ce Ubangiji ba zai bar irinta a gidan burodi ba, ya yi ta sa mata albarka. Da kansa ya raka ta bakin titi, ma'aikata suna darewa suna ba ta hanya kamar wata babbar malama. Ya tare mata adaidaita, ya ɗora mata burodi mai zafi guda biyar a cinya.

Suka hau titin Zariya. Direban ya tambaye ta inda za ta sauka. Ta ce Unguwa Uku. An ce mata akwai wani shagon takalma da ke neman mai tsaro.