Turmin Inna

Zinaren Abare ya sa wasu sun sayi babur, wasu sun tafi Makka. Shi kuwa Nafi'u, mai injin niƙa dutse a bayan gari, agogo ne ya ɗauke masa hankali. Ba irin masu batir na kasuwar Anka ba. Tsofaffi ne da ake murɗa musu kai kowace safiya, masu maɓalli a gefe, in ka danna dogon tsinken ya zabura, in ka sake dannawa ya tsaya cak. Wani dillali a Gummi ke samo masa su, yana cewa maƙera ne a Turai suka haɗa su da hannu, ba kamfani ba. Nafi'u ya cika gwangwanin alewa da su, kullum da wanda zai ɗaura. Dokarsa ɗaya ce: ruwa ba ya taɓa su.

Bayan gubar dalma da ke cikin ƙurar dutsen zinaren ta kashe yara a garin, ma'aikatan lafiya suka kankare ƙasar gidaje suka zuba sabuwa. Aka ce duk mai aikin dutse ya yi wanka ya sake tufa kafin ya shiga gida. Nafi'u ya bi umarnin sau da ƙafa, har yana yi wa maƙwabta gori. Sai ga gubar da ke jinin 'yarsa Raihana, wadda haƙora ke fito mata, ta ƙi sauka duk da magani.

Hankalinsa ya tashi, ya rasa wanda zai kama, sai ya kama mahaifiyarsa. A da mata da yawa sun daka dutse a turmi, Inna kuwa tana da tsohon turmin da ta zo da shi gidan aure daga Gwashi. Ta rantse ban da gero da dawa bai taɓa ganin komai ba. Nafi'u bai saurara ba. A gaban matarsa Dija da matan maƙwabta ya ce taurin kanta zai kashe masa 'ya, ya ɗauko gatari ya faskara turmin. Daga ranar Inna ba ta sake dama masa fura ba.

Ana nan sai Beatrice, ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan, ta zo da na'urar auna gubar. Ta auna ƙasa, tabarmi da tukwane, ba komai. Ta auna guntun turmin da ya rage gefen murhu, shi ma lafiya lau.

Tana haɗa kayanta Nafi'u ya shigo fes, yana ƙamshin sabulu. Ya ɗora Raihana a cinya. Kamar kullum yarinyar ta cafke hannunsa, ta danna maɓallin agogon, ta kai madaurin fatar baki tana tsotsa.

Beatrice ta tambaye shi ko da agogon yake aiki. Ya amsa da alfahari cewa da shi yake auna lokacin niƙa. Ta tambaya ko yana wanke shi, ya yi dariya.

"Ruwa? Wanga ai ya girme ni. In za ni wanka aljihu ni ka sa shi."

Beatrice ta ɗora na'urar a kan madaurin, ta dubi abin da ta nuna, ta zare shi daga bakin yarinyar a hankali. Aka fito da gwangwanin. Duk cikin agogunan babu wanda ba ya ɗauke da gubar.

Kunya ta rufe Nafi'u, har ya kasa ɗaga kai. Ya kwance agogon ya ajiye a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba, ya je ya durƙusa gaban Inna.

"Inna, ki gahwarta mani."

"Tashi," in ji ta. "Kai ta a wanke mata baki."

Ta miƙa hannu ta ɗauki guntun turmin, ta tura shi cikin murhu don ruwan Raihana ya yi ɗumi.