Kwano Biyu Zuwa Juma'a

Har aka kira sallar asuba Abdulrazak bai runtsa ba. Magana ɗaya ce ta hana shi barci, gajeriya kuwa: "Ban san shi ba yanzu."

Hajiya Oumou ce ta faɗe ta, mai shagon shinkafa da man gyaɗa a bakin layinsu, matar da ta goya shi yana jariri. Wani attajiri da ke neman mai kula da sitonsa a unguwar Baguida ne ya aika a tambaye ta halin Abdulrazak, domin a unguwarsu ta Zongo ba a damƙa wa mutum mabuɗi sai wani babba ya tsaya masa. Attajirin ya ce zai sake tambaya bayan wata guda. In amsar ba ta sauya ba, zai ba wani aikin.

Abin da ya ɗaure wa Abdulrazak kai shi ne, babu mai bin sa ko dala. Gaskiya ne, shekara uku da suka wuce, lokacin da kamfanin fiton kaya da yake wa aiki a tashar jiragen ruwa ya rufe, ya kasa biyan rancen da ya ɗauka a asusun lamuni, har sunansa ya shiga jerin waɗanda ba a ba bashi. Gaskiya ne kuma ya ci shinkafar Hajiya wata bakwai bai biya ba, yana zagaye ta bayan masallaci don kada su haɗu. Amma ai ya biya. Ya yi ta koyar da 'ya'yan masu hali lissafi a unguwar Djidjolé har ya sauke duka, asusun ya ba shi takarda mai hatimi. Kuɗin Hajiya kuwa a ambulan ya sa, ya ba yayarsa Batul ta kai. Tun daga ranar ya yi wa kansa alkawarin ko ashana ba zai ƙara karɓa bashi ba.

Da safe ya tarar da Batul tana zuba koko. Ya zauna, ya faɗa mata abin da ke cin sa.

"To, Malam mai digiri, da me za ta san ka?" in ji ta. "Ka shiga shagonta kamar baƙo daga Kotonu, ka ajiye kuɗi, ka ƙirga canji, ka fita."

"Yaya, laifi ne mutum ya biya nan take?"

"Ba laifi ba ne. Ɓarawo ma nan take yake biya in yana da su."

Kokon ya huce a gabansa, shi kuwa hankalinsa ya koma wajen mahaifinsu, marigayi Mato mahauci. A zamaninsa, Buzaye da Zabarmawa kan kawo shanu daga arewa, su bar masa sa guda ba takarda ba shaida, su tafi masauki su kwanta. Kuma kowace Litinin, ko da aljihunsa cike yake da cinikin nama, sai ya tsaya a shagon Hajiya ya ce a auna masa kwano biyu zuwa Juma'a. Ran Juma'a kafin a hau mumbari yana nan tsaye da kuɗinta, su yi ta zolayar juna a kan wanda ya fi wani tsada. Lokacin da Abdulrazak yake shekarar farko a jami'a, ya taɓa yi masa bayani da Faransanci cewa wannan rashin tsari ne. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, ya ce Allah ya ƙara basira, ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Yau shekara shida ke nan da rasuwarsa, sai yanzu ɗan ya gane cewa kowane mako uban nasa yana ba matar nan damar ta gwada shi.

Abin da yake tsoro a fili yake. In ya roƙa ta hana, a gaban mata masu sayayya za ta hana, kuma kafin azahar labarin ya kai kowane gida.

Ya ciro kuɗin da ke aljihunsa ya ajiye a ƙarƙashin matashi, don kada kunya ta sa ya zaro su. Ya nufi shagon Hajiya, bai bi ta bayan masallaci ba.

Mata uku ya tarar a shagon. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta da ke ciwo, ya jira ta sallami ɗaya. Sauran biyun ba su da niyyar tafiya.

"Inna, a auna mini kwano biyu."

Ta miƙo hannu tana jiran kuɗi.

"Zuwa Juma'a," ya ce.

Hajiya ta janye hannun. Ta daɗe tana kallon sa ta saman tabarau, har wata daga cikin matan ta yi tarin ƙarya.

"Wace Juma'ar? Suna da yawa a shekara."

"Wannan mai zuwa, Inna. Kafin huɗuba."

"Da ƙafarka, ko a ambulan?"

Matan suka ƙyalƙyale da dariya. Bai sunkuyar da kai ba.

"Da ƙafata."

Ta jawo kwanon, ta auna ɗaya, ta auna na biyu, ta share bakin kwanon da gefen hannu ba ta bar masa ko ƙwayar gyara ba. Ta ɗaure ledar ta tura masa.

"Ka gaida Batul. Ka ce mata kwalbata ta man gyaɗa tana wurinta."

Ya ɗauki shinkafar ya yi godiya, ya matsa gefe ya ba mai sayen gishiri wuri.