Kumatun Anas

Inna Lantana ta ɗaga jikanta Anas daga robar wanka, ruwa na ɗiga daga ƙafafunsa, ta juya shi ga hasken hantsi kamar mai duba sabon zane.

"Rabi, zo ki ga ikon Allah! Wanga yaro ya fara ƙiba. Dubi kumatu."

Rabi, matar ɗanta, ta baro murhu tana goge hannu da gefen zane. Gaskiya kumatun sun cika, ƙafafun sun yi luhu-luhu. Ta ji wani sanyi a ranta, don tun da aka yaye yaron, daga koko sai tuwon masara yake samu. Mijinta Mas'udu ya daina zuwa gonarsa da ke nesa da garinsu Kekun Waje saboda 'yan bindiga, rumbu ya wayi gari babu wake babu gyaɗa. 'Yan kajin da suka rage, ƙwansu wajen mai shayi yake tafiya ya dawo a matsayin masara. Ko da ba haka ba, Inna ta sha faɗa cewa ba a ba yaro ƙwai, sata yake koya masa.

Sai dai Anas bai yi dariya ba, kuma ya jima bai yi ba. Da Rabi ta zo sa masa takalmi, ya ƙi shiga. Ta danna bayan ƙafar da babban yatsa. Da ta ɗauke, ramin ya zauna, kamar ta danna tuwo mai ɗumi. Ta tsaya tana jira ya cike.

* * *

Daga asibitin Bungudu aka tura su Gusau. Malamar asibitin da ta karɓe su, Sa'adiya, ta zauna a bakin gado ta shafa gashin yaron, wanda ya yi ja ya yi laushi.

"Inna, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Tamowa ce ta kama shi."

"Tamowa?" Inna ta gyara zama. "Yaron da bai taɓa kwana da yunwa ba? Ni da hannuna nike ɗura mishi koko har cikinshi ya tashi."

"Na yarda, Inna. Koko yana ba jiki ƙarfi, kamar itace a murhu. Amma tsoka da jini da wake ake gina su, da gyaɗa, da ƙwai, da nono. In jiki ya rasa su, sai ya koma cin kansa. Jinin ma ya kasa riƙe ruwansa, ruwan ya tsiyaye cikin fata."

Inna ta duƙar da kai tana kallon tafin hannunta.

Aka fara ba Anas wata madara tsararo, kaɗan-kaɗan. Kumburin ya soma sacewa, abin da ke ƙarƙashinsa ya bayyana: haƙarƙari a jere, wuya kamar sillen kara, fatar cinya ta yi yaushi. Rabi ta juya ga bango ta yi kukanta a ɓoye. Inna kuwa ta fusata.

"Sun tsotse min jika! Da kumatunshi muka kawo shi."

Washegari ta hau mota ta koma gida, ta sa aka yanka kazar da ta fi ji da ita, ta dawo da farfesu a ƙaramar kula a ƙarƙashin hijabi. Tana cikin tsinka tsokar sai Sa'adiya ta shigo. Ba ta ɗaga murya ba, durƙusawa ta yi a gabanta.

"Inna, hanjinsa ya yi rauni, zuciyarsa ma haka. In ya ci wannan yanzu, jikinsa ba zai iya sarrafa shi ba, yana iya kashe shi. Ki ba uwarsa ta ci. Lokacin nama yana zuwa, in sha Allahu."

Tsohuwar ta saki tsokar. Ta tura wa Rabi kular, ta ce a miƙo mata kofin madarar. Daga ranar ba ta bari kowa ya ba shi ba. Takan kwantar da kansa a ƙirjinta, ta kai kofin bakinsa, ta jira ya haɗiye tana kiransa da sunan da take tsokanarsa da shi, maigidana. Wata safiya ya kama carbinta ya ja, ta yi kamar za ta ƙwace, sai ya yi dariya, 'yar siririya. Rabi ta rufe baki da mayafi.

* * *

Aka sallame su da ledojin haɗin gyaɗa da madara, da gargaɗin cewa magani ne, na Anas shi kaɗai. Mas'udu ya tare su a bakin hanya, ya karɓi ɗansa ya rungume. Da suka isa gida Inna ta shiga akurki da kanta, ta fito da ƙwai ɗaya ta miƙa wa Rabi ba tare da ta dube ta ba.

"Dafa mishi."

Da la'asar Rabi ta zaunar da Anas a tabarma ta matsa masa haɗin a baki, ya shanye tas, ta jefar da ledar. Can ta nemi yayarsa Muzdalifa, wadda aka bari a gida duk kwanakin asibiti, ba ta gan ta ba. A bayan rumbu ta same ta a tsugune. Ta farke ledar da haƙori ta baje ta, tana lasar cikinta a hankali. Da ta ga uwarta sai ta ɓoye hannu a baya.

"Ban ci na Anas ba, Mama. Ba komi a ciki."

Rabi ta durƙusa ta jawo ta jikinta. Ɗankwalin yarinyar ya zame, rana ta haska gashin gaban goshinta. Ya fara ja.