Sharar Gona

Tun daga tagar bas ta hango hayaƙin. Ta sauka da jarkar ruwa a hannu, ta bi hanyar gona da sauri.

Gonar mahaifinta ce, wadda ɗanyen mai ya malale bara da bututu ya fashe. Ƙasar ta yi baƙi, ko ciyawa ba ta fitowa. Yayanta har ya samo mai saye, wani mai buga bulo. Ita ce ta roƙa a jira damina. A wurin karatu ta koyi aiki da bakteriya, ƙananan halittun cikin ƙasa da ido ba ya gani, masu cin mai. Ta ɗebo su daga gefen gonar, ta raine su a ɗakin gwaji, ta zuba a wani yanki. Kullum sai ta zo ta juya ƙasar da fartanya, ta ba ta ruwa da taki. Sun yi da Yaya cewa in wake ya tsiro a wurin, ba za a sayar ba. Kwanan nan warin ya fara raguwa.

Ta tarar da Baba tsaye da sanda, fuska duk toka, yana murmushi. Ya tara kara da busasshen ganye a kan yankin ya cinna wuta, yadda ya saba sharar gona duk shekara kafin ruwa ya sauka. Ya ce ya gaji da ganin tana fama ita kaɗai kamar marar gata. Ya ce man ma ya taimaka, wutar ta ci sosai.

"Likitar ƙasa, na rage miki aiki," ya ce. "'Yan dabbobin naki sai su huta."

Ta ɗauki fartanya ta sari ƙasar. Saman ya gasu, ya yi tauri kamar kasko. A ƙarƙashi man yana nan, yana ƙyalli. Bakteriyar da ta raina ta mutu, kuma sabuwa ba za ta yi ƙarfi kafin ruwan farko ba.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ne, yana tambaya ko ya ce wa mai bulo ya ƙara haƙuri. Baba yana share gumi da hularsa, yana kallon bakinta.

"Sannu da aiki, Baba," ta ce.

Ta juya masa baya, ta rage murya.

"Yaya, ce masa ya zo. Lissafina ne bai fita ba."