Tarkunan Arlis Goma Sha Bakwai

"Ba zan zauna ba," in ji Twila.

'Yar Arlis, mai suna Wanda, ta tare ƙofar ɗakin mahaifinta, kofin gahawa a hannu. "Ba roƙonki nake yi ba. Nas ta ce yau ne ko gobe. Shekara ashirin kina cin wake a gidan nan, ki ja kujera ki zauna kamar mutane."

"Nas ɗin ta ce ruwan sama ma zai jira?"

Daga kan gado tsoho Arlis Tackett ya janye robar iska daga hancinsa. "Farfesa ce?"

"Ni ce, Kawu."

"Goma sha bakwai ne. Kada ki yanke mini waya. Warwarewa za ki yi."

"Baba, mutuwa fa kake yi," in ji Wanda. "Ka bar maganar tarko."

"To na fasa ne? Ita nake yi. Tarkunan ne ba su sani ba."

Twila Sizemore ba jininsa ba ce, shinge ne kawai tsakanin gidajensu. Shi ya koya mata ɗana wa rakun tarko tun tana 'yar shekara tara, wannan ɓarawon masara mai zobe-zobe a wutsiya. Da ta tafi jami'a ta yi shekara huɗu tana karatun namun daji ta dawo, sai ya laƙaba mata Farfesa, ba kuma don yabo ba. Shekaranjiya ya faɗi a bakin rafi. Jiya ta zagaya masa tarkunan, ba ta cire ba, don ya rantse zai tashi. Yanzu rediyo ya ce ruwa mai yawa na tafe da yamma. In rafi ya cika, tarkunan za su zauna a ɗane ƙarƙashin ruwa, babu mai duba su, kowanne da sunan tsohon a ɗan guntun tagulla. Shekara sittin Arlis bai taɓa barin tarko ya kwana biyu ba a duba ba.

Ta sa dogon takalmin ruwa ta fita. Wanda ta bi ta da magana har baranda: "In kin tafi, kin tafi."

Matsalar rafin nan ba shi da laka. Falalen dutse ne daga wannan gaɓa zuwa waccan, ka buga turke sai guduma ta dawo maka. Kowa da dabararsa. Ta Arlis ita ce waya: ya ɗaure sarƙar tarko a saiwar bishiya can ƙarƙashin ruwa, inda babu saiwa kuma ya ɗaure a tsohon ƙarfen birkin mota da ya sungumo tun kaka. Kuma ba ɗauri irin na mutane ba. Sai ya murɗa sau bakwai, ya juya baya ya ƙara uku, ya cusa bakin wayar ciki. Bara ta sayo masa igiyar ƙarfe mai maƙalli, wadda ake ɓallewa da yatsa biyu. Ya yi godiya sosai, ya ɗaure tumatir da ita.

A tarko na farko ta durƙusa, ta tura hannu cikin ruwan Disamba har kafaɗa. "Sau bakwai," ta ce wa rafin. "Rakun ne ko bijimi?"

Filaya na aljihunta. Ƙwas ɗaya, ta wuce. Amma ta san abin da zai ce, don ta ji shi ya fi sau ɗari: guntun waya a ruwa ba ya ruɓewa, yana nan yana jiran ƙafar barewa ko ta yaran da ke wanka da bazara. Abin haushin shi ne a jami'a ma haka aka koya mata, da Turanci mai tsawo.

Ta warware. Minti goma sha biyu.

Na biyar ya kama wani ƙaton rakun namiji, ya ja ƙarfen birkin kusan taku uku kafin nauyi ya tsayar da shi. Ta gama da shi da sauri yadda tsohon ya koya mata, ta rataya a baya. A na tara yatsunta suka daina jin waya, sai da ido take gane ta kama. A na goma sha ɗaya aka fara yayyafi. Wayar salularta ta yi ƙara a ƙirjinta sau biyu. Hannunta na cikin ruwa, saura murɗa uku, ba ta ɗauka ba.

"Taurin kai," ta ce, haƙoranta na haɗuwa. "Mutum ya kwanta mutuwa ma sai ya ba ka aiki."

Na ƙarshe yana ƙarƙashin gadar katako, ruwa ya riga ya yi ja ya kai mata ƙugu. Nan ne ta ciro filayar, ta dube ta, ta zagi Arlis da kakansa, ta mayar aljihu.

Da ta iso gidan, motar fasto na tsaye kusa da a-kori-kurar tsohon. Injin iskar numfashinsa da ke gurnani kwana biyu ya yi shiru. Wanda na zaune a baranda.

"Ya tambaye ki," ta ce, ba ta ɗago ba. "Sau biyu."

"Me ya ce?"

"Cewa ya yi, ta kai na nawa."

Twila ta sauke buhun. "Kika ce?"

"Na ce ban sani ba. Ina zan sani?"

Minti arba'in ne tsakanin rasuwarsa da dawowarta. Da ta yi amfani da filaya, da ta dawo da awa biyu a hannu, ta faɗa masa da bakinta. Ta san haka tun tana cikin ruwa. Wanda ba ta ƙara yi mata magana ba har aka binne shi, ranar ma a benci na baya Twila ta zauna. Yatsu biyu na hannun damanta kuwa har bazara ba su dawo daidai ba.

Amma a yammacin ranar da ya rasu ba ta shiga ɗakin ba tukuna. Ta zagaya rumfar baya, ta rataye tarkunan ɗaya bayan ɗaya a ƙusoshinsu. Sannan ta naɗe wayoyin, goma sha bakwai, kowacce da tsawonta, ta jera a kan bencin aikinsa. Ruwan rafi na ɗiga daga jikinsu kan katako.